Baƙon Inna Kulu

Tun ranar da Inna Kulu ta haifi Ɗalha ba ta taɓa kama sunansa ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidajen Gwandu irin wanda ta fito, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma ɗaga ido ta dubi fuskarsa. In tana nemansa sai ta ce da ƙanwarsa Jidda, "Kira min wancan." In rigarsa ta yage ba za ta ce uffan ba, sai dai ya tashi da safe ya tarar an ɗinke an ninke an ajiye masa a bakin ƙofa. Haka suka yi shekara talatin da biyu, kuma babu wanda ya taɓa jin Ɗalha ya yi ƙorafi sai da giya ta buɗe masa baki.

A yi masa adalci, ba da giya ya fara ba. Lebura ne, irin ƙarfafan nan da ake rububi ranar zuba kankare. Da jami'a ta zauna a Kalgo masu hali suka shiga gina gidajen haya na ɗalibai, sai ya tattara ya koma can, yana hawa tsani da kwanon kankare a ka tun safe har la'asar. Wata ranar Talata katakon da aka gitta a hawa na biyu ya karye da shi. Ya faɗo a kan tulin bulo, ƙafar hagu ta karye wuri biyu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗe, amma ya haɗe a karkace, ƙafar ta gajarce da faɗin yatsu uku. Mai ginin ya zo dubiya sau ɗaya da lemo a leda, daga nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Ciwon ne ya ƙi tafiya. Yana nan cikin ƙashi yana ci, ko a zaune ko a kwance. Wani abokin aikinsa, wai don tausayi, ya miƙa masa 'yar ledar giyar ogogoro ya ce ya kurɓa zai samu sauƙi. Ya samu kuwa, kuma irin taimakon nan ne da gara a bar mutum da ciwonsa. Cikin wata shida Ɗalha ya san duk wata bukka da ake sayar da abin a ɓoye a bayan gari. Matarsa Halima ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta koma gidansu a Dalijan. Mutumin da a da ake aikowa a kira tun asuba ya zama wanda ake tsallakewa a bakin tasha.

Abin da ya raba shi da mahaifiyarsa ranar sunan ɗan Jidda ya faru. Jidda ta zo wankan gida wurin Inna a Gwandu, gida ya cika da mata, ana ta tuƙin tuwo da raha, sai ga Ɗalha da azahar tsaka yana tangaɗi, riƙe da ledar nama da ya sayo tsaraba. Warinsa ya riga shi shiga. Ko sallama bai yi ba, ya ratsa mata ya je gaban Inna ya dangwarar da ledar a kan tabarmarta, ya ɗaga murya.

"Ga shi na kawo miki. To ki ce an gode, Ɗalha. Ce Ɗalha! Mi niy yi miki da ba ki iya hwaɗin sunana? Ko ba ke kih haihe ni ba?"

Gida ya yi tsit. Mata suka sunkuyar da kai, wasu suka fara neman takalma. Inna Kulu ba ta dube shi ba, ko a ranar ba ta dube shi ba. Ta juya wajen Jidda ta yi magana, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Hwaɗa ma wancan, na rantse da Allah abin hannu nai ba ya shiga bakina. Sai ran da yab bar ruwan ga, yak kawo min abin da yan noma da ƙarhi nai. Ɗauke min ledag ga."

Kawu Abubakar, ƙanen Inna, ya shigo da maza biyu suka fitar da shi, suka cusa shi a motar Birnin Kebbi. Washegari ya farka a Kalgo yana fatan giyar ta share abin da ya yi. Ba ta share ba. Ita da kan mantar da shi inda ya yar da takalminsa, wannan kam ta bar masa shi ɗaya bayan ɗaya, har da yadda Jidda ta ɗauki ledar da yatsu biyu.

Wani zai ce ai daga nan sai ya tuba. Ina! Sai ma ya ƙara. Ya yi kusan shekara yana sha don kada ya tuna, yana tunawa yana ƙara sha, har ya rame ya koma kamar karan dawa.

Baba Albarka ne ya tsince shi. Wani dattijon manomi ne a gefen Kalgo, mai faɗa da kaifin baki, wanda ko akuyarsa ba ta tsira daga harshensa ba. Wata ranar bazara da rana tsaka ya je duba gonarsa ya tarar da mutum kwance a gindin gawo, ƙudaje na bin bakinsa. Ya zungure shi da sanda.

"Kai, in mutuwa za ka yi, matsa gaba. Gonag ga tawa ta, ba maƙabarta ba."

Ɗalha ya buɗe ido. Ko ƙishi ne ko gajiya, Allah kaɗai ya sani, amma da dattijon ya miƙa masa gorar ruwa sai ya fashe da kuka, ya kwashe labari duka ya faɗa masa, tun daga katako har zuwa rantsuwar Inna. Baba Albarka ya saurara yana tauna goro. Da ya gama sai ya nuna masa wata saura da ke gefe, wadda ta shekara uku ba a sa mata fartanya ba.

"Ga ta can. Ba don ina tsammanin ka iya nib ba ka ba, ciyawatta ta ishe ni. Ka kwana zaurena. Ran da nij ji warin abin ga bakinka, ka san hanya."

Makon farko ba abin da za a so wa maƙiyi ba ne. Hannuwansa suka riƙa karkarwa har ba ya iya kai ludayi baki, kunun tsamiyar da ake aiko masa daga cikin gida rabi a riga yake ƙarewa. Gumi ya riƙa tsiyaya masa alhali yana rawar sanyi. Ya yi amai har babu abin da ya rage sai ɗaci. A kwana na uku da hantsi ya riƙa ganin ƙadangaru suna fitowa daga bango suna hawa ƙafarsa, yana ihu yana kakkaɓewa. Baba Albarka ya zauna a bakin zaure da sandarsa a kan cinya, yana jan carbi yana zaginsa a tsakani, bai bari ya fita ba. Ciwon ƙafa kuwa, da ya ga an janye abin da ke rufe masa baki, sai ya dawo da ƙarfinsa duka.

Da ya iya tsayuwa ya fara sassabe. Gurgu da gatari abin dariya ne ga mai wucewa, kuma sun yi dariyar. Masu kabu-kabu da suka san shi a bakin tasha sukan rage gudu su ɗaga masa hannu, "Sarkin noma, a bar muna na tuwo!" Ya ci gaba da sara. In tsayuwa ta gagara sai ya durƙusa ya yi aikin da gwiwa, ya ɗaura tsumma a gwiwoyin don ƙaya. Ya tumɓuke sabara, ya tara ya ƙone, ya roƙi takin awakin Baba ya riƙa ɗauka da buhu a kafaɗa, tafiya goma ya huta sau uku.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita da sungumi. Ɗalha ya sara ramuka, ya bi ya zuba iri yana rufewa da ƙafar da ke da lafiya. Gero ya tsiro kore shar, har ya kira Jidda a waya yana dariya, abin da ta manta rabon da ta ji. Sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin da uku babu ko ɗigo. Yana tsaye yana kallo shukar ta lanƙwashe, ta yi ja, ta bushe, iska ta kwashe.

Ranar ya koma bukka. Babu amfanin a ɓoye, ya sha, ya sha sosai. Amma da gari ya waye da ƙafarsa ya zo ya durƙusa a gaban Baba Albarka, tun dattijon bai sansano komai ba.

"Baba, na sha. Na taho in ɗauki tabarmata."

Baba Albarka ya dube shi. "Da ɓoyewa kay yi, da yanzu kana bisa hanya," ya ce. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da ƙwaryar iri ya dangwarar a gabansa. "Hadari na haɗuwa gabas. Tashi ka ba ni wuri, wari kakai kamar mushe."

Ya sake shuka. A wannan karon sama ta riƙe alkawari. Ya yi noman firi da gwiwa, ya yi maimai da gwiwa, tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Akwai ranakun da sha'awar abin kan taso masa tsakiyar kunya, maƙogwaro ya bushe, ƙafafu su nemi juyawa da kansu. Sai ya rungume fartanya ya zauna a ƙasa, ya cije haɓar rigarsa har abin ya wuce. Abu ɗaya ne a gabansa, kuma bai ɓoye wa kansa ba: yana son ya ga Inna ta kai abin hannunsa bakinta, ta san cewa ya bari. Ko ba ta dube shi ba, ko ba ta ce komai ba, ta dai haɗiye.

Gero na fitar da kai wani direban Gwandu ya tsaya ya gaya masa cewa an ce tsohuwarsa ta faɗi a tsakar gida. Nan take ya kira Jidda.

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi, Yaya. Jiri na ɗai."

Mutanenmu ke nan. Ko mutum na shure-shuren mutuwa, in ka tambaya sai a ce da sauƙi, wai kada a tayar maka da hankali, wai kada a yi wa Allah butulci. Ɗalha ya fi kowa sanin wannan, don shi ma da ƙashinsa ke waje da sauƙi ya riƙa cewa. Amma ya karɓa, don yana son ya karɓa. Abin da bai sani ba shi ne Kawu Abubakar ya ja wa Jidda kunne, ya ce kada a kuskura a faɗa masa gaskiya, yanzu ya fara zama mutum, labari irin wannan zai iya mayar da shi bukka. Kowace Juma'a ya kira, kowace Juma'a da sauƙi. Sau biyu ya kai har tasha zai hau mota, sai ya dubi hannuwansa babu komai a ciki, ya tuna ledar nama, ya juya. "Saura kaɗan," yake ce wa kansa. "In tahi hannu wohi, mi nic canza?"

Ya yi gadin tsuntsaye da gwangwani da igiya. Ya yi girbi, ya yanke kawuna, ya ɗaure dami goma sha ɗaya, a saurar da ta shekara uku ba a noma ba. Baba Albarka ya zagaya dammunan yana taɓawa da sanda, ya rasa abin kushewa, sai ya ce ɗaurin bai yi kyau ba. Ɗalha ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika ya yi dami guda daban, aka ɗora masa a saman mota. Ya sa rigar da ya wanke tun jiya. Wata huɗu ke nan cif ko ɗigo bai shiga bakinsa ba.

Da hantsi ya isa Gwandu. Ya sauke damin a zaure ya yi sallama, Jidda ta fito, tana ganinsa ta toshe baki da gyale ta durƙushe.

"Yaya, ka yahe min. Ba jiri ba na. Ɓarin jikinta ya mutu tun ran da tah hwaɗi, kuma kanta ya juye. Wani lokaci ni ma ba ta gane ni. Yau kwana huɗu ban da ruwa ba abin da tak karɓa. In na kai mata ludayi sai ta datse haƙora."

Ɗalha ya jingina da bango. Bai yi mata faɗa ba. Can ya nuna damin da hannu. Jidda ta gane, ta share ido ta ɗebi zangarniya ta shiga ciki. Yana zaune a zaure yana jin sussuka, ya ji sheƙa, ya ji surfe, ya ji daka. Bai taɓa sanin yin fura na da tsawo haka ba. Sai bayan la'asar ta fito da ƙwarya, an dama da nono, ƙamshin sabon gero ya cika zauren. Ya karɓa da hannu biyu ya bi bayanta yana ɗingishi.

Inna Kulu na kwance a kan katifa an tokare ta da matasai. Ta ƙanƙance, bakinta ya ɗan karkace, hannun dama na ajiye a kan cinya kamar ba nata ba. Ɗalha ya yi sallama. Ta ɗago kai ta dube shi. Tsakiyar fuska ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana cikin zanen goyo. Wani daɗi ya taso masa. Bai kai ga sauke numfashi ba ya gane dalili.

"Maraba da baƙo," ta ce, harshenta na nauyi. Ta kai hannun hagu tana laluben kallabi ta gyara. "Ke Jidda, baƙo na tsaye ba ki ba shi tabarma?"

Ba ta san shi ba. Ciwon ya kwashe mata kwanaki da fuskoki, amma bai taɓa kunyarta ba, tana nan yadda take. Ɗalha ya durƙusa. Jidda ce ta yi saurin cewa, "Baƙo na daga Kalgo, Inna. Hura yak kawo miki."

"Daga Kalgo? Wagga wahala haka." Ta dubi ƙwaryar. "To wa ka ƙin abin baƙo? Kawo, ɗan nan."

Ya ɗebo da ludayi ya kai bakinta. Ta buɗe, ta kurɓa, ta haɗiye. Ya sake ɗebowa. Uku, biyar, bakwai. Jidda ta juya baya tana kuka ba sauti. Inna ta tsaya ta lashi leɓe.

"Sabon hatsi na," ta ce. "Wanda yan noma wanga ya san aiki. Allah shi yi mai albarka."

Nan zuciyar Ɗalha ta gaza. Wa zai ga laifinsa? Don wannan kalma ya ja gwiwa a ƙasa damina guda. Ya ajiye ludayin, hawaye na zuba.

"Inna, ni na. Ɗalha na. Ni nin noma shi da hannuna. Na bari, Inna, wallahi na bari, wata huɗu ke nan."

Yana kallo fuskarta ta sauya. Idanun da ke kansa suka sauka ƙasa, suka koma bango. Ta turo abin da ya rage a bakinta da harshe, ya gangaro kan haɓarta.

"Jidda," ta ce, "hwaɗa ma wancan na rantse. Ga mata cike da gida, ya tozarta ni. Ɗauke min abin ga."

Babu mace ko ɗaya a gidan sai Jidda. Amma a kan Inna ranar suna ce, yau ɗin nan, kuma warin na nan a hancinta. Jidda ta durƙusa ta yi bayani, ta rantse, ta kawo zangarniya ta sa mata a hannu. Aka kira Kawu Abubakar ya zo ya yi nasa, ya ce shi shaida ne, yaro ya shiryu, rantsuwa ta cika. Sai Inna ta yi kamar ta fahimta, a ɗauko ƙwarya, ta tuna wanda ya kawo, ta datse haƙora. Sabon labari ba ya zama a kanta, tsohon ne kaɗai ya samu wuri. Ranar ba ta ƙara cin komai ba, washegari ma haka, har ruwan da take karɓa ta rage.

Kwana biyu Ɗalha ya yi a zaure. A rana ta biyu da azahar ya tashi ya fita, Jidda na leƙensa ta katanga gabanta na faɗuwa. Gwandu ma ya san inda ake samu, mai sha ba ya rasa sanin hanya. Ya kai har bakin lungun. Ya tsaya, ƙishin abin na cin sa. Wa zai yi wa bari yanzu? Wadda ya yi don ita ba za ta taɓa sani ba. Ya daɗe a tsaye har wani mai wucewa ya tambaye shi ko lafiya. Sai ya juya, ya shiga masallacin unguwa ya yi alwala, ya zauna har ƙafafunsa suka daina neman lungun.

Da safiyar rana ta uku Jidda ta fito zaure da ƙwarya a hannu, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ta manta. Ta manta ka taho. Ɗazu tana tambaya ina baƙon Kalgo, wai ko an ba shi abinci." Ta miƙa masa ƙwaryar. "Ka shiga. Amma don Allah kak ka hwaɗi ko kai wa na."

Ya dubi furar. "In na shiga baƙo, Jidda, har ta koma ga Allah ba ta sanin na bari."

"In ka shiga ɗa, ba ta kai Juma'a."

Ya ajiye ƙwaryar. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da ƙafarsa ta karye, a zaune, ƙwarya a gabansa, ƙanwarsa na tsaye a kansa. Sannan ya tashi ya wanke fuska a bakin randa, ya gyara hula, ya ɗauki ƙwaryar. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya ya daidaita murya, ya yi sallama irin ta wanda bai san gidan ba.

"Sannu, Gwaggo. Ya jiki?"

"Da sauƙi," ta ce, fuskarta ta washe. "Baƙon Kalgo na? Shigo, ɗan nan. Kai dai ba ka gajiya."

Ya durƙusa ya ɗebo. Ta sha, a hankali, tana hutawa tsakanin ludayi da ludayi. Idanunta suka sauka kan ƙafarsa da ya miƙe gefe.

"Mi as samu ƙahwarka?"

"Hwaɗuwa niy yi, Gwaggo. Wurin aiki."

"Sannu." Ta dubi ƙofa ko akwai mai ji, ta rage murya. "Akwai wani na gidan ga, shi ma can Kalgo yake. Shi ma ƙahwa tai haka take. Ko ka san shi?"

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Jidda na bakin ƙofa tana girgiza masa kai.

"Na san shi," ya ce. "Ai ya bar abin nan, Gwaggo. Noma yakai yanzu. Kowa ya shaida."

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai kirki da aka yaudara.

"Kai baƙo na, kana son ka hwaranta min. Allah shi saka ma. Amma bai bari ba."

"Ya bari, Gwaggo."

"Da ya bari da ya taho," ta ce. "Tun da nik kwanta kunnena na ga ƙohwa. Ko akuya tat taɓa ƙyaure sai in ce shi na. Bai taho ba."

Ta buɗe baki tana jira. Ɗalha ya riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun don kada furar ta zube, ya kai mata ludayin.